Na'ura ta ba yayana maki 81, gwajin kaki ya ce babu komi

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum mutanen gida. Ina roƙon duk wanda ya san aikin likita cikinku shi taimake ni da bayani, don tun ranar Lahadi ba mu yi barcin kirki ba. Yayana ya dawo daga haƙar zinariya a Cibarakaten, shekara 8 ke nan shina zuwa shina dawowa. Wannan karon da tari ya dawo. Ba tari mai tsanani ba, amma in ya taka daga gida zuwa masallaci sai ka ga ya tsaya ya dafa bango. Munka ji labarin wasu ma'aikatan lahiya sun zo nan Tawa da na'urar hoton ƙirji wadda ake ɗauka cikin jaka, suna neman masu tarin fuka, kuma kyauta suke yi. Na goya shi a babur munka tahi. Anka tsaida shi ya manna ƙirji da wani allo, hannuwa a ƙugu, anka ce shi ja numfashi shi riƙe. Ko minti guda ba a yi ba hoton ya hito a kwamfuta, saman huhun duka biyu ya yi ja da ruwan ɗorawa, ga lamba 81 a gefe. Yaron da ke zaune gaban kwamfutar ya ɗaga murya gaban mutane ya ce "wanga shina da shi". Sai anka ba yayana ɗan kwano mai marhi shi tofa kaki. Bayan kwana 2 na amso takarda, anka ce mani ba a ga komi ba.

To wanne za mu kama? Na'ura ta ce 81, labo ta ce babu. A gida kuwa an riga an ware mishi moɗa da kwanon tuwo, matarshi ta kwashe ɗiya ta kai gidan iyayenta. Jiya na iske shi zaune shi kaɗai cikin zaure, ko rediyo bai kunna ba.

Uwar Biyu:
Subhanallahi. Allah shi ba shi lahiya, ƙanena. Ko da ciwon ne, ai ba a faɗa wa mutum haka gaban jama'a.

Na Labo:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, duba takardar da kyau. BAAR aka rubuta ko GeneXpert?

Ɗan Adar:
BAAR anka rubuta, gabanshi "négatif" har sau 2.

Na Labo:
To kada ku saki jiki tukuna, kada kuma ku firgita. Gwajin BAAR da aka yi masa na duba kaki ne da madubin ƙara girma, aikin da nake yi kullum. Muna shafa kakin a kan ɗan gilashi, mu busar, mu zuba jan rini, mu wanke da asid, mu bi da shuɗi. Ƙwayar tarin fuka ba ta sakin jan ko an wanke ta, don haka in tana nan sai ka hango ta kamar guntun jan zare cikin shuɗin fili. Dabarar ta tsufa, tun zamanin da Robert Koch ya gano ƙwayar a 1882 ake aiki da irinta. Inda take da rauni shi ne sai ƙwayoyin sun kai wajen 5,000 zuwa 10,000 a mililita guda na kaki kafin ido ya ci karo da su. Mutum na iya ɗauke da ciwon, madubi ya ce babu. Balle in abin da ya tofa yawu ne ba kakin ƙirji ba, wanda shi muka fi samu. Mutum ya ji kunyar yin tari gaban mutane, ya tofa yawu ya rufe ya miƙo.

Abin da ya dace bayan hoto irin wannan shi ne GeneXpert. Shi ba da ido yake neman ƙwayar ba, DNA ɗinta yake kamowa ya yi ta ninkawa har ya isa a gane. Ko ƙwayoyin kaɗan ne yana iya kama su, cikin awa 2 ya ba da amsa, ya kuma faɗa in ƙwayar ta daina jin rifamfisin, wanda shi ne babban maganin. Tun Disamba 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta amince da shi. Ku koma ku nemi a yi masa, da kakin asuba kafin ya ci komai.

Ɗalibin Kwamfuta:
Iyaye da yayye, ku ba ni dama in ce wani abu kan lambar, don fannin da nake karanta ke nan a Yamai. 81 ba ta nufin kashi 81 cikin 100 yana da tarin fuka. Manhajar da ke cikin kwamfutar ba ta ga ƙwaya ba, inuwa kawai take gani. An nuna mata hotunan ƙirji masu ɗimbin yawa, wasu na waɗanda aka tabbatar suna da ciwon, wasu na masu lafiya, tana canka ana gyara mata, har ta saba da irin gajimare da ɗige-ɗige da ramukan da ke yawan fitowa a huhun masu ciwon. In aka ba ta sabon hoto sai ta ba shi maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon yadda ya yi kama da waɗancan. Jan da ka gani, yaya, shi ne wurin da ya fi ɗaga makin. Masu aikin ne ke yanke iyaka, su ce duk wanda ya haura kaza a karɓi kakinsa.

A watan Maris 2021 OMS ta yarda a yi amfani da irin waɗannan manhajoji a madadin mutum mai karanta hoto, ga wanda ya kai shekara 15, kuma don tantancewa kaɗai, wato a ware waɗanda za a yi wa gwajin tabbatarwa. Guda 3 ta duba a lokacin: CAD4TB ta Holan, qXR ta Indiya, da Lunit ta Koriya ta Kudu. Babu ɗaya cikinsu da aka ba ikon cewa wane yana da ciwo.

Baba Majo:
Ɗiyana, na karance duka. Ni shekara 30 da ɗoriya na yi ina majo a likitocin karkara, daga wajen Keita har Madawa. Wanga abu ba sabo ba ne. Da can ƙasashe da yawa sun yi yawo da motoci gari gari suna ɗaukar hoton ƙirjin kowa da kowa. A 1974 kwamitin masana na OMS ya ce a bar wannan yawon, don kuɗɗin da ake kashewa sun yi yawa, abin da ake kamawa kaɗan ne. Masu karanta hoton su kansu ba su jituwa. Hoto guda, wanga shi ce akwai, wancan shi ce babu, kai ko mutum guda in ka maido mishi hoton bayan wani lokaci shina iya canza magana. Mu abin da anka koya muna shi ne, tari ya wuce sati 2, amshi kaki. Yanzu an ɗauko abin da anka yar an ɗora mishi kwamfuta, ga shi ya raba mutum da iyalinshi tun ba a san mi ke damunshi ba. Ni ban gamsu ba.

Dakta daga Yamai:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tarihin da ka kawo haka yake. Amma abu ya canza tun daga lokacin, kuma ba kwamfutar ce ta fara canza shi ba. A shekarun baya-bayan nan ƙasashe da dama na Afirka da Asiya sun yi ƙidayar tarin fuka gida gida, ana ɗaukar hoto ana karɓar kaki. Abin da ya fito ya girgiza mu: kusan rabin waɗanda aka tabbatar da ƙwayar a kakinsu ba su ce suna da wata alama ba da aka tambaye su. In muka zauna a likita muna jiran mai tarin sati 2, waɗannan ba za su zo ba sai ciwon ya ci huhu, sun kuma riga sun shafa wa na gida. A 2023 kaɗai mutum wajen miliyan 10.8 suka kamu a duniya, wajen miliyan 1.25 suka rasu. Shi ya sa aka koma ga hoto. Sannan rashin jituwar da ka ambata, nan ne manhaja ta ɗan fi mu: hoto guda, maki guda, ko da safe ko ƙarfe 3 na rana bayan an ga mutum 200.

Sai dai in yi muku lissafi ku ga abin da yaron nan ya kasa fahimta. Ma'aunin da OMS ta gindaya wa gwajin tantancewa a 2014 shi ne, aƙalla ya kama 90 cikin masu ciwo 100, ya kuma sallami 70 cikin marasa ciwo 100. Mu ƙaddara, don misali, an tara mutum 1,000, goma cikinsu ke da tarin fuka. Na'ura za ta kama 9, ɗaya ya kuɓuce. Cikin sauran 990 za ta tsayar da kashi 30 cikin 100, wato 297. Duka waɗanda aka ce su tofa kaki sun zama 306, kuma 9 ne kawai masu ciwon. Rariya ce ta farko mai manyan idanu. Abin da ya tsaya a kanta ba duka ne tsakuwa ba, sai an sake tankaɗe.

Alhaji na Kasuwar Katako:
Dakta, ka yi mini afuwa, amma lissafin nan naka ni tsoro ya ƙara mini. Don a kama mutum 9 sai a tayar wa 297 hankali? Kowane cikinsu yana da mata da ƴaƴa da maƙwabta. Ka san yadda muke da wannan ciwo, in aka ce wane yana da shi, ko shayi ba a ƙara zama sha da shi. Ni ɗan kasuwa ne, in ciniki ya zo da irin wannan asara sai in sake tunani.

Dakta daga Yamai:
Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma masu bincike sun daɗe suna yi wa kansu ita. Akwai tantancewar da ta yi ɓarna. A Koriya ta Kudu an yi ta duba maƙogwaron mutane masu lafiya da ekografi, daga 1993 zuwa 2011 adadin waɗanda aka ce suna da kansar ƙululun wuya ya ninka sau 15, aka yi wa dubbai tiyata, amma adadin masu mutuwa da ciwon bai motsa ba. An gano abubuwan da ko an bar su ba za su taɓa kashe mai su ba. Tarin fuka ba haka yake ba. Yana kisa in an bar shi, yana yaɗuwa ta iska cikin ɗaki, kuma yana warkewa da maganin wata 6 wanda a ƙasar nan kyauta ake ba da shi. Su 297 ɗin nan abin da ya kamata ya same su shi ne tofa kaki da jiran kwana guda, a ɓoye, tare da bayani. Asarar da kake magana ba lissafin ne ya kawo ta ba, bakin da ya yi shela ne.

Alhaji na Kasuwar Katako:
To ai bakin yana tare da na'urar, Dakta. Ba a kawo ɗaya a bar ɗaya.

Dakta daga Yamai:
Wannan ban musa maka ba.

Ɗalibin Kwamfuta:
Baba Majo, game da ko manhajar ta kai mutum: an gwada a Dhaka ta Bangladash da hotunan mutum kusan 24,000, kowa an yi masa GeneXpert don a san gaskiya, aka fitar da sakamakon a 2021. Manhajoji 5 aka kara da ƙwararrun likitocin hoto, duka biyar sun fi su kamawa. Amma binciken ya nuna wani abu da ya shafi maganarka: aikinsu yana raguwa a kan tsofaffi da waɗanda suka taɓa yin tarin fuka suka warke, don tsohon tabo yana yi musu kama da sabon ciwo.

Kuma ba na so in yi kamar ba su da aibi. A 2018 wasu masu bincike a Amurka sun gwada wata manhajar gano ciwon namoniya, suka ga tana aiki da kyau a asibitin da ta koyi aiki, in an kai ta wani sai ta ragu. Da suka tono, ashe ta koyi gane asibitin da hoton ya fito, har daga ɗan ƙarfen alama da ake ɗorawa a kusurwar hoto, tana haɗa shi da yawan masu ciwo a asibitin. Shi ya sa ake cewa kowace ƙasa ta gwada iyakar makin a kan mutanenta kafin ta dogara. Ƙirjin mahaƙin zinariya daga Adar ba lalle ya yi kama da hotunan da aka koya mata da su ba.

Baba Majo:
Yauwa ɗana, nan nike son mu zo. Duk maganar ga da muke, ba wanda ya tsaya kan abin da yaron ga ya hwara rubutawa. Shekara 8 cikin rami. Ɗan Adar, yayanka wane aiki shike yi can? Shina cikin masu fasa dutse ƙasa ko masu niƙa?

Ɗan Adar:
Baba, duka biyu ya yi. Da hwari shina shiga rijiya shina huda dutse da injin, daga baya ya koma wajen injin niƙa. Ya ce in sunka hito ba ka gane mutum sai idanu, duk sun yi hwari kamar an birkiɗa su cikin gari. Rawani kawai suke naɗewa a hanci.

Baba Majo:
To kun ji. Na'ura ba ta tambayi wannan ba, kuma ba ta iya tambaya. Dakta, ka yi musu bayani, ka hi ni sabon karatu.

Dakta daga Yamai:
Baba ya taɓo wurin. Dutsen da zinariya ke ciki yana da sinadarin silika. In aka huda shi ko aka niƙa shi a bushe, ƙurar da ke tashi akwai wadda ta fi ƙarfin ido, ita ke wucewa har can ƙarshen huhu. Jiki ba ya iya narkar da ita, sai ya yi ta naɗe ta da tabo, ƙananan ƙulle-ƙulle, kuma sun fi taruwa a saman huhu, daidai inda tarin fuka ma ya fi so. A hoto suna iya rikita ko ƙwararre, balle manhajar da aka horar don neman tarin fuka. Ciwon ana ce masa silikoz. A da an fi ganinsa bayan shekara 10 ko 20 na aiki, amma in ƙurar ta yi yawa yana iya bayyana cikin shekara 5 zuwa 10.

Ban ga hoton ba, ban ga maras lafiyar ba, don haka ba zan ce shi ne ba. Abin da zan ce, kada wani ya ɗauka in ƙura ce to an huta. Huhun da ƙura ta ci ya fi saurin kama tarin fuka ninki-ba-ninki, kuma mutum na iya ɗauke da duka biyun. Shi ya sa a ƙa'idar OMS masu haƙar ma'adinai da ke shaƙar silika suna cikin waɗanda aka ce lalle a riƙa tantance su, tare da mutanen gidan mai ciwo, da masu ɗauke da ƙwayar sida, da ƴan kaso. GeneXpert dai tukuna, sannan likita ya kalli hoton da idonsa, ku kuma gaya masa aikin da yake yi ko bai tambaya ba.

Uwar Biyu:
Ni tambaya biyu gare ni. Hasken nan na radiyo ba shi da illa in ana yawan yi? A unguwarmu mata na cewa yana shanye jini. Sannan mu mata fa? Na ji ana gwajin bakin mahaifa, shi ma da kwamfuta ake yi?

Ungozoma:
Yaya, hoton ƙirji guda haskensa bai wuce abin da jiki ke samu daga ƙasa da sama cikin wajen kwana 10 ba, kuma ba ya taɓa jini. Mai ciki dai ta faɗa kafin a ɗauka. Gwajin bakin mahaifa kuwa, wanda muka fi yi da ido ne. Muna shafa ruwan binegar mai sauƙi, mu jira minti guda, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. A nan ma ido ya bambanta, abin da na gani wata ba lalle ta gani ba, shi ya sa masu bincike ke gwada manhajar da za ta karanta hoton da aka ɗauka bayan shafa ruwan. A 2019 cibiyar binciken kansa ta Amurka ta fitar da irin wannan aiki da hotunan matan Kosta Rika. Amma gwajin da OMS ta sa gaba shi ne na ƙwayar HPV mai haddasa ciwon. Burin da ta kafa a 2020 shi ne a gwada kashi 70 cikin 100 na mata kafin su wuce shekara 35, a sake kafin 45. Ki zo a duba ki, kada ki jira sai kin ga jini. Waɗanda ke zo mana da jini da wari galibi abin ya riga ya yi nisa, sai turawa Yamai.

Na Labo:
Ina so in ƙara wani abu da ba a gani daga ofis. Ana maganar GeneXpert kamar yana nan ko'ina yana jira. Injin nan ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, kwanson gwajin kuma, wato ɗan akwatin da ake zuba kakin a ciki a sa a injin, ana ajiye shi tsakanin 2 da 28. Ku tuna yadda Tawa take a watan Afrilu. In kuran ya ɗauke ana tsakar gwaji, kwanson ya tafi a banza, sai a sake neman kaki. Na sha zama ina kallon injin da gwaji 4 a ciki, saura minti 20, wuta ta tafi. Mutumin da ya taso daga ƙauye ya biya mota jika 2, ka ce masa ya dawo jibi, sau da yawa ba ka ƙara ganinsa. Na'urar hoto tana iya tsayar da mutum 60 a yini. In labo ba ta da kwanso 60, me aka yi? Ina zaton abin da ya sa aka yi wa yayan Ɗan Adar na madubi ke nan.

Ɗalibin Kwamfuta:
Irin wannan ya faru a Tailan da wata manhajar Google mai duba hoton cikin ido don gano illar ciwon suga. A gwajin farko ta yi daidai da ƙwararrun likitocin ido. Da aka kai ta asibitocin unguwa 11, sai ta ƙi karɓar wajen kashi 21 cikin 100 na hotunan, don ɗakunan ba su da duhun da ake bukata, ga intanet na jan ƙafa, layi ya yi tsawo. Masu aikin da kansu suka rubuta haka a 2020. Mu da muke koyon rubuta manhaja ba a cika kai mu mu ga ɗakin da za ta yi aiki ba, kuma ya kamata a kai mu.

Baba Majo:
Ka zo hutu in kai ka, ɗana. Ina da ɗiyan da na horas har yanzu suna aiki karkara.

Ɗan Adar:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri kwana 5 ban leƙo ba. Mun yi yadda kunka ce. Da asuba na tashe shi, ya kurkure baki, ya hita bayan gida ya yi ta jan numfashi har kakin ya taso daga ƙasa, na naɗe kwanon cikin leda na kai da kaina. GeneXpert ya ce ba a ga ƙwayar ba. Munka samu likita ya buɗe hoton ya ƙara mishi girma, ya daɗe shina kallo. Na gaya mishi zancen rami da injin niƙa. Ya nuna mani wasu ɗige-ɗige hwarhwaru birjik a sama, kamar an watsa gero. Ya ce ya hi zaton ƙura ce, tabon ba shi gogewa, amma in an bar ƙurar ana iya rage saurin ciwon. Ya ce mu dawo bayan wata 2 a sake kaki da hoto, in kuwa ya hwara zazzaɓin dare ko rama ko tofa jini mu zo nan take.

Na kai takardar gidan surukanshi, na karanta ma baban matar. Jiya da marece ta dawo da ɗiyan. Ƙaramar ta ɗauki moɗar da anka ware ta maida cikin sauran, ba wanda ya ce mata komi.

Uwar Biyu:
Alhamdulillahi. Allah shi ƙara sauƙi.

Alhaji na Kasuwar Katako:
Madalla. Allah ya saka wa Baba Majo, shi ya yi tambayar.

Dakta daga Yamai:
Alhamdulillahi. Kada ku yi wasa da komawar nan ta wata 2, don GeneXpert guda bai rufe magana ba ga mai irin huhunsa. In yana shan taba ya bari. Ka kuma tambayi likitan ko ya cancanci maganin rigakafin tarin fuka, ana ba masu silikoz bayan an tabbatar ba su da ciwon a tashe. Babban abu dai, kada ya koma cikin ƙurar.

Ɗan Adar:
Nan ne matsalar take, Dakta. Akwai bashin uban rami a kanshi, kuma ya ce bayan girbi za shi koma ko da wata 4 ne shi biya. Na yi magana, inna ta yi magana, ya ce da mi za a ci. Abokan tahiyarshi daga unguwarmu kaɗai sun kai 7, biyu cikinsu ma suna irin tarin ga.

Na Labo:
Su biyun nan ka kawo su a karɓi kakinsu tun kafin su tafi. Ɗaki guda suke kwana a can.

Dakta daga Yamai:
In har ba yadda za a yi sai ya koma, to rawani ba ya tare wannan ƙurar, haka ma takunkumin yadi ko irin na asibiti mai shuɗi. Sai mai lambar FFP2 ko FFP3, wanda ya kama fuska ba gefen da iska ke shiga, a riƙa canza shi in ya toshe. Abin da ya fi takunkumi shi ne jiƙa dutsen, a huda da ruwa a niƙa da ruwa. An gwada fesa ruwa a wuraren haƙar zinariya na arewacin Najeriya, ƙurar ta ragu ƙwarai. In zai samu aikin da ba na rami ko na niƙa ba, ko da kuɗin bai kai ba, ya karɓa.

Ɗan Adar:
Ruwa can saye ake da tsada, daga nesa motoci ke kawo shi, ban ga uban ramin da za shi yarda a zuba ma dutse ba. Amma zan gaya mishi. Takunkumin ga, a farmasi ake samu ko wajen masu kayan gini? Kuma guda nawa za su ishe shi wata 4?

Alhaji na Kasuwar Katako:
Masu kayan gini da fenti sun fi ajiye shi. Gobe in Allah ya kai mu zan zagaya in duba mai lambar da Dakta ya faɗa, in na samu in ba motar Tawa kwali guda. Turo mini lambarka ta gefe, ka kuma ƙirgo mini su nawa ne za su tafi.